Wanda Susan Ta Ce Kar a Taɓa

Duk bakin ruwan Yelwa an san Arzika da abu biyu: gyaran injin jirgi, da rashin yarda da taubashiyarsa. Na farkon wurin maigidansa ya koya, na biyun kuwa shi ya koya wa kansa, kuma in za a faɗi gaskiya ba a banza ya koya ba.

Susan 'yar kawunsa Andrew ce, ƙanen Innarsa da ke zaune a Wara. Gidansu irin gidajen nan ne da za ka tarar wani ya nufi masallaci wani ya nufi coci, su dawo su ci tuwon tukunya ɗaya. Da yake ita 'yar namiji ce shi ɗan mace, tun tana 'yar ficiciya take kiransa bawanta, ko da yake ya girme ta nesa ba kusa ba. Ta taɓa aiko masa cewa an yi masa mata a Wara, ya sha wanka ya kafa sabuwar hula ya hau jirgi, ya je ya tarar da akuya an ɗaura mata ɗankwali. Ta taɓa ba shi kunu da ta narka gishiri a ciki, ta tsaya a kansa tana yi masa sannu da hanya yana haɗiya da ƙyar. Ba kuma damar fushi, don wasan taubasai ne, wanda ya ɓata rai shi za a mayar abin dariya. Saboda haka Arzika ya kafa wa kansa doka: duk abin da ya fito daga bakin Susan, a juya shi. In ta ce gabas, ya yi yamma. Dokar ta yi masa rana sau da dama, har yakan yi wa masunta wa'azinta a rumfarsa.

Ana nan sai ga sababbin injuna sun fara shigowa tafkin. Ba irin waɗanda ya saba da su ba ne, da zai kwance kafireta ya hura mata iska da baki ta dawo hayyacinta. Waɗannan ƙwaƙwalwa gare su, in sun yi ciwo sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi inda ke musu zafi. Ran da wani mai jigilar albasa ya kawo masa irin wannan, Arzika ya buɗe murfin ya duba, ya zagaya ya sake dubawa, sannan ya mayar da murfin ya ce yau hannunsa ke ciwo. Mutumin ya ɗora injinsa a mota ya yi gaba. Arzika ya koma kan benci, tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar ruwa ana iska. Ya hango ranar da zai zauna a rumfar nan da kayan aikinsa, jirage na wucewa ana ɗaga masa hannu kawai. Sana'ar nan ita ce abincinsa, ita ce kuma sunansa.

Bai yi shawara da kowa ba ya je ya sayi tsohuwar laftof wurin wani malamin makaranta, ya ce sai ya koyi kwamfuta tun daga tushe kafin injunan nan su kore shi daga bakin ruwa. Sai dai abar ta sha jiki. In ya kunna ta sai ya je ya yi alwala ya dawo ya tarar tana nan tana tunani. Wanda ya san kwamfuta kuwa a duk faɗin dangi mutum ɗaya ne. Susan ta yi karatun abin, ta dawo ta buɗe shago a bakin kasuwar Wara tana buga takardu tana gyara wa mutane na'urorinsu. Haka ya danne zuciyarsa ya kira ta.

Sai da ta yi dariya mai isarta sannan ta yi masa bayani. Ta ce kwamfutar ba ta mutu ba, babbar manhajar da ke tuƙa ta ce ta yi mata nauyi. Akwai wata wadda ake kira Linux, kyauta ce, kowa na iya ɗauka, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa ta, har ya gyara in ya iya. Shi ya sa take da iri-iri, kowace ƙungiya da irin nata haɗin. Da Arzika ya ji batun buɗe ciki a duba sai ya miƙe tsaye, waya a kunne, bakinsa har kunne ɗayan. Ai wannan tasa ce, don shi aka yi ta.

Ba a daɗe ba Lawali direban jirgin Wara ya kawo masa ɗan filas, irin wanda ake soka wa kwamfuta, a ƙunshe cikin leda, saƙon murya kuma ya biyo baya a waya.

"Bawana, saurara da kyau. Iri ukku na cikin filas ɗin ga. Na hwarko Mint, shi za ka ɗauka, shi na na masu koyo, komi nai a hili yake. In bai yi maka ba ga Ubuntu nan, shi ma ba laihi. Na ƙarshen nan, Arch, na aikina na, mantuwa niy yi ban hidda shi ba. Don Allah kak ka taɓa shi."

Arzika ya saurari saƙon, ya sake saurara, ya kwanta a kan tabarma yana dariya shi kaɗai har da buga ƙafa. Wato na masu koyo, na yara ke nan, so take ya ɗauko abin wasan yara ya shiga jama'a da shi ta samu na ba da labari a gidan biki. Na biyun kuma an saka shi ne don ɓad da sawu. Mai daɗin yana can ƙarshe, wanda ta haɗa shi da Allah kar ya taɓa. Yaushe Susan ta taɓa roƙonsa wani abu? Mantuwar nan da ta yi, Allah ne ya tona mata asiri. Matarsa Mairo da ke tsince shinkafa a gefe ta ce to in kuma wannan karon gaskiya ta faɗa fa? Ya ce mata ita ba ta ga akuyar nan ba ne.

Da safe ya kai kwamfutar rumfa, ya share teburin da yake baza fulogai, ya soka filas, ya tsallake na farko, ya tsallake na biyu, ya danna na uku da yatsa mai baƙin mai. Allon ya yi baƙi ƙirin, fararen rubuce-rubuce suka shiga gudu daga ƙasa zuwa sama kamar 'yan kifi an watsa musu dusa. Arzika ya tafa. Ya nemo bidiyon wani mutumin ƙasar waje a wayarsa, mai zuba Turanci ba numfashi, ya riƙa tsayar da shi yana kwafar abin da ya rubuta harafi bayan harafi, harshe a waje. A cikin kwafe-kwafen nan ne ya shafe tsohuwar manhajar ƙarƙaf, bai ma san lokacin ba, da ya gane kuwa cewa ya yi Allah ya raka taki gona.

Kafin azahar rumfa ta cika. Masunta sun bar raga, masu bandar kifi sun leƙo da hayaƙi a jikin zanensu, kowa na son ganin bakanike na magana da kwamfuta. Duk sa'ad da ta zubo rubutu sai Arzika ya waiwaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ya haife ta. In ta ƙi abin da ya rubuta ta mayar masa da gajeren layi, sai ya ce gardama take, haka injin kirki yake yi kafin ya saba da hannu. Ranar bai ci abincin rana ba, bai kuma ji yunwa ba. Wani ya kawo farfela a lanƙwashe, ya ce masa ya dawo gobe, yau ana babban aiki.

An kwana biyu ana wannan fama kafin ya kai inda mutumin bidiyo ya ce a kashe a kunna. Ya kashe, ya yi bisimilla, ya kunna. Allon ya kawo baƙi, da layi ɗaya a can sama, da wata 'yar sanda tana ƙyaftawa. Jama'a suka matso suna jiran hotuna. Shi ma ya jira. 'Yar sanda ta ci gaba da ƙyaftawa. Arzika bai bari an ga komai a fuskarsa ba, ya gyara murya ya ce wannan ita ce ainihin kwamfuta, ba riga ba hula, waccan mai launi-launi da suke gani a ofisoshi kwalliya ce ake yi wa yara. Mutane suka jinjina kai suka watse da mamakin iliminsa. A gida Mairo ta leƙa ta ce lallai maigida ya yi sayayya, talabijin ce mai nuna dare kawai.

Murnar ta ɗan ƙara kwanaki tana jan ƙafa. Mutumin bidiyo ya wuce gaba, allonsa ya cika da launuka, shi kuwa na Arzika duk abin da ya rubuta amsa ɗaya ce, ba a samu ba. Intanet ma ta ƙi shiga, ba ta inda bai bi ba. Ya gane ba abin da ya koya sai zama gaban baƙin allo. Wata la'asar sai ga wani jirgi da sabon inji ana jansa da igiya zuwa gaɓa, mai shi tsohon abokin cinikinsa ne. Mutumin ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya wuce neman mota. Ko tayi bai yi masa ba. Arzika ya rufe kwamfutar ya ce wa Mairo ƙila shi kansa ne ya yi tauri, gara ya sayar da abar ya jira abin da Allah zai yi. Ta ce kafin ya sayar ya je Wara.

Ranar kasuwar Wara ya naɗe laftof a cikin tsohon zanen Mairo ya shiga jirgin Lawali, ya zauna tsakanin buhunan albasa da wata tsohuwa mai kwandon kaji. A kan ruwa ya yi dogon tunani, ya yanke abin da bai taɓa yankewa ba: yau ya ajiye doka. Duk abin da Susan ta ce zai bi shi yadda ta faɗa, ko da akuya ce za ta sake nuna masa. Abin da bai sani ba shi ne, jirgin na barin gaɓa Mairo ta ɗauki waya ta zayyana wa Susan dokar tasa kaf, ta kuma ba ta shawara: in tana son ya yi abu, ta hana shi.

Da Susan ta buɗe kwamfutar ta ga 'yar sanda na ƙyaftawa, sai da ta kifa kanta a kan injin hoto-kwafi tana dariya har hawaye. Arzika ya tsaya hannu a baya. Can ta share ido, ta haɗe fuska kamar likita.

"Bawana, ka yi daidai. Zamna bisa Arch ɗinka, shi ad daidai da kai. Mint ɗin nan wuya gare shi, sai manyan malammai. Kak ka kuskura ka kusance shi."

Arzika bai so haka ba, amma ya riga ya yi wa kansa alkawari. Ya ce to, ya gode, ya naɗe kwamfutarsa a zane ya sa a hammata ya fita. Susan ta zauna tana murmushi tana jiran ya juyo ya ce Mint zai ɗauka ko ta mutu. Bai juyo ba. Ta leƙa ƙofa ta hango hularsa ta kusa shigewa layin masu busasshen kifi. Sai ga mai shago guda, wadda ake ce wa Anti a gari, tana gudu cikin kasuwa takalmi ɗaya a hannu, tana tsallake tabarmin barkono tana kiran bawanta. Ta cim masa gaban masu tukwane ta riƙe masa riga, tana haki ta ce ƙarya ta yi.

Ya ce wacce, ta yau ko ta rannan? Ta ce ta yau. Ya ce to ta yaya zai san wannan da ta faɗa yanzu ba ita ce ƙaryar ba? Ta ce ta rantse da Allah. Ya ce ai ran nan ma ta rantse amaryar na da manyan idanu, kuma da ya je ya tarar tana da su. Masu tukwane da suka gane taubasai ne suka bar ciniki suka gyara zama, wata ma ta ce kar a raba su. Daga nan wata dabara ta faɗo wa Arzika. Ya ce su koma shago ta buɗe tata kwamfutar, wanda mutum ya zuba wa kansa shi ne gaskiyarsa. Susan ta ce ba sai an yi haka ba. Ya ce sai an yi.

Ta buɗe. Allon ya kawo tar, ga hoton tafki da hantsi, ga komai jere a inda ya dace, abu na buɗewa tun kafin yatsanta ya gama sauka. A can kusurwa kuma ga wata 'yar alama shuɗiya mai tsini a sama, wadda Arzika ya kwana ya tashi da ita a bidiyon nan har ya san ta kamar tabon hannunsa. Arch ne.

Mutumin nan da ya shigo kasuwa kamar an yi masa mutuwa sai ga shi yana rawa a tsakiyar shago, kwamfuta a hammata, yana juyi yana nuna ta da yatsa. Ya ce ya kama ta, yau ya kama ta, ashe mai daɗin ta ɓoye wa kanta ta tura shi ga na yara. Har ya leƙa waje ya sanar da mai shayi. Susan ta bar shi ya yi ta yi, sannan ta ce ita ma da Mint ta fara, ta daɗe a kansa kafin ta matsa gaba. Wannan da yake gani shekaru ta yi tana haɗa shi ɗaya bayan ɗaya, don Arch ba ya zuwa da komai sai abin da ka ɗaura masa da hannunka. Ta tambaye shi, in sabon shiga ya zo rumfarsa koyo, buhun sassan inji zai juye masa a gaba ranar farko, ko haɗaɗɗen inji zai ba shi ya fara jin ƙararsa?

Maganar ta shige shi, rawar ta tsaya. Ya zauna a kan kujerar masu jira, ya ɗora ƙunshin a cinya. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka. Ya gaya mata batun injunan, da ƙaryar ciwon hannu, da abokin cinikin da ya gaishe shi ya wuce.

"Tsoro nika ji, Susan. Ba wasa ak kawo ni ba. Amma ko kin hwaɗi gaskiya ban san yadda zan gane ta ba, ban taɓa jin ta bakinki ba."

Susan ta dube shi. Tun da take ba ta taɓa ganin Arzika cikin irin wannan hali ba, kuma abin ya yi mata ciwo. Ta jawo wani faifan ajiya ta kwashe ayyukan mutane da ke cikin kwamfutarta ta zuba a ciki. Sannan ta miƙa hannu ya ba ta filas, ta soka a tata, ta zaɓi na farko. Ta bi matakan yana kallo har aka zo inda allon ya yi tambaya ko a shafe duk abin da ke ciki. Turancinsa ya isa ya karanta wannan. Ya kuma san darajar abin da za a shafe, shi da ya yi kwanaki yana zufa bai samu komai ba sai 'yar sanda mai ƙyaftawa. Ya miƙe ya ce ta tsaya, ya yarda, wallahi ya yarda.

"Ba ka yarda ba, Yaya. Tausai na kaka ji."

Ta danna. Tafkin ya tafi, da hantsinsa da jerin da ta yi shekaru tana yi. Suka zuba ido har layin da ke tafiya a allon ya cika. Da aka gama ta zare filas ta ajiye a gabansa, ta ce yanzu ya yi nasa da hannunsa, tana zaune.

Ya warware zanen. Wannan karon ba bidiyo, ba harshe a waje, tambayoyi ne 'yan kaɗan a fili, wasu ma da hoto. Kafin a kira la'asar kwamfutoci biyu na kan tebur gefe da gefe, duka da koren allon Mint, ba ka bambanta ta mai shago da ta bakanike. Tsohuwar tasa da ke tunani kafin ta tashi sai ga ta tana amsawa nan take. Arzika ya ja yatsa, 'yar kibiya ta bi shi. Ya ja hagu ta bi, ya ja dama ta bi, ya yi ta zagaye da ita yana dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Daga bakin ruwa aka ji Lawali na kiran fasinjan Yelwa, bai ko ɗaga kai ba.

Susan ta matso da kujerarta ta ce darasi na farko, ya kai kibiyar can ƙasa hagu ya danna. Yatsansa ya tsaya a sama da kansa, tsohuwar al'ada ta motsa, idonsa har ya fara leƙen ƙasa dama. Ya waiwaya ya dube ta. Ba shi take kallo ba, tata kwamfutar take kallo, sabuwa fil ba komai nata a ciki, tana ta ƙifta ido da sauri. Arzika ya mayar da kibiyar ƙasa hagu ya danna.